In-har da Kwandon da Ba Komai a Ciki

A shagon hoton da ke ƙasan bene, bayan labulen da aka zana wa teku, akwai wani ɗan lungu mai fanka ɗaya da ke juyawa kamar tana bin wani bashin gaisuwa. Nan In-har yake zama. Shi ne mai kula da kwamfutocin shagon, kuma ya samo sunan ne daga bakinsa. Ka ce masa "Sai gobe," ya ce, "In har mun kai." Matarsa ma ta ce ranar da ya zo neman aurenta da sharaɗi ya fara.

Aikinsa rubuta wa na'ura umarni ne a baƙin allo, layi bayan layi. In har diski na nan, kwafa. In har an kwafa, goge tsohon. Ya yi furfura yana yi wa ƙarfe tambayoyi, ga ciwon baya, ga tabarau da aka ɗaure da zare. Kullum da yamma sikirif ɗinsa, wato jerin umarnin da ya rubuta, yakan tattara hotunan ranar a fayil ɗaya, ya kai wata ma'ajiya ta daban, ya duba, ya rubuto "An adana." In-har ya gyaɗa kai, ya ɗauki hularsa.

Wata rana da hantsi babban diskin da hotunan shagon ke ciki ya yi ƙara ya mutu. Ana cikin haka sai ga wata dattijuwa ta shigo neman hotunan auren 'yarta. Mijinta ya rasu bayan bikin, kuma hoton da aka yi masa yana dariya shi kaɗai take so.

"Zauna, Mama," in ji mai shagon. "Muna da gwani. Malam In-har, fito mata da shi."

In-har ya buɗe ma'ajiyar. Fayilolin na nan reras, kowanne da kwanan watansa. Ya buɗe na ranar bikin, wayam. Ya buɗe na gaba, wayam. Tun da mai shagon ya sauya wa foldar hotuna suna, iska kawai sikirif ɗin yake tattarawa. Shi kuwa In-har ya sa shi ya tambaya da harafin -f, wato ko fayil ɗin na nan. Bai sa -s ba, mai tambayar ko akwai wani abu a ciki. Na'urar ba ta yi ƙarya ba. Abin da aka tambaye ta ta amsa.

"Kai da ko ruwa ba ka sha sai ka leƙa kofi?" mai shagon ya faɗa ƙasa-ƙasa. "Bari in ce mata ta dawo jibi."

"Jibin me, Oga?"

Ya miƙe da ƙyar, ya fito daga bayan labulen tekun, ya durƙusa gabanta.

"Mama, babu. Kwandon na ajiye, ban leƙa cikinsa ba."

Ta daɗe tana kallon tabaraunsa. "To, ɗana," ta ce. "Dama dariyar ce ban so in manta ba." Ta gyara mayafinta ta fita.

In-har ya koma lungunsa, ya goge harafi ɗaya, -f, ya sa -s. Bai ɗauki lokacin shan ruwa ba. Sikirif ɗin ya yi aikinsa ya rubuto "Babu komai." Ya zauna yana kallonsa, fankar tana ta juyi a kansa.