Dalilin da Ya Sa Bappa Hammadu Ba Ya Kashe Mota

Akwai wata Litinin da har gobe ba ta fita raina ba, ranar da Oga Emeka ya ajiye takardar sallama a teburina ya ce in miƙa wa Bappa Hammadu.

A lokacin ni ce jami'ar sufuri a depo ɗinmu na Jimeta, inda muke rarraba fulawa da sukari zuwa Numan da Ganye da Mubi. Oga Emeka shi ne manaja. Bappa kuwa shi ne dattijon direbobinmu, ya fi shekara ashirin yana bin hanyar Mubi.

Da dizal ya yi tsada, kamfani ya sa wa kowace mota tiraka. Ga sababbin ma'aikata a cikinku, ƙaramar na'ura ce da ke aiko wa kwamfutata inda mota take, da gudunta, da yawan man da ke tanki, da lokacin da inji ke aiki alhali mota na tsaye, wanda direbobi ke kira silo. Rahoton watan farko ya nuna motar Bappa ta fi kowace mota shan mai.

"Madam Rifkatu," in ji Oga, da irin tasa Hausar, "motar nan ba shi shan mai haka. Mutum ne yake sha."

Na roƙe shi ya ba ni kwana biyu. A wajen horo an nuna mana cewa idan an zuƙi mai, layin tanki kan faɗo lokaci guda kamar an sare shi. Layin Bappa a hankali yake gangarowa. Abin da na gani dabam ne: tun fitarsa daga Jimeta har dawowarsa, injin bai mutu ko sau ɗaya ba.

Washegari na shiga gaban motarsa. A Gombi aka yi kusan awa biyu ana sauke kaya, inji na ta ruri.

"Bappa, me zai hana ka kashe ta ta huta?"

Ya amsa yana kallon sitiyari.

"'Yata, ranar da Mubi ta faɗa hannun 'yan ta'adda ina cikin kasuwa, na kashe mota ina jiran lebura. Sai harbi. Kafin in waiga, mata da yara sun cika bayan motar. Na murɗa makulli, shiru. Na sake, shiru. Wata mata tana buga gilashi tana cewa, direba, don Allah. Maza suka tura mu har ta tashi. Biyu daga cikinsu ba su samu hawa ba, kuma ban tsaya ba."

Ya share fuska da hularsa. "Shekaru sun wuce, na sani. Amma wannan ma kik ɗinta sai an lallaɓa. Na faɗa a gareji, aka ce in yi maneji."

Da muka dawo na zauna na bi motocin ɗaya bayan ɗaya. Ashe duk masu bin hanyar arewa haka suke yi, Bappa dai ya fi su. Na je gareji, bakanikenmu ya nuna mini batura da suka daɗe da mutuwa, ana ta yi musu caji ana mayarwa.

Ranar Laraba na shiga ofishin Oga da takardar sallamar a hannuna, ban miƙa ba. Na juya masa kwamfuta, na nuna masa layin, sannan na ba shi labarin Mubi. Shi ma ƙaninsa ya rasa shago a garin a wancan lokaci.

"To me kike so?"

"Sabon batir da sabon kik a mota ɗaya, Oga. Idan shan mai bai ragu ba, ka haɗa da tawa takardar."

"Na you talk am," ya ce, wato ke kika faɗa, ya sa hannu a takardar gyara.

Aka gyara motar ranar Juma'a. Sauran aikin ba na bakanike ba ne. Ranar Litinin na sake bin Bappa. A Hong ya faka a gaban shagon dila, hannunsa na kan makulli, ya kasa murɗawa. Can ya yi bisimilla ya kashe. Muka ji kukan tsuntsaye da surutun masu sauke kaya. Gumi na zubo masa, bai sauka ba har aka gama. Da ya murɗa, bugu ɗaya ta tashi.

Dattijon nan ya fashe da dariya, ya daki sitiyari. "Useko, 'yata! Useko!" Wato na gode, da Fulatanci.

A wannan tafiyar ba mu tsaya shan mai a Song ba kamar yadda aka saba. Muka shigo Jimeta da sauran mai a tanki. Oga ya leƙa da kansa, ya kira bakanike ya ce a bi sauran motocin duka. Sannan ya yayyaga takardar a gaban Bappa, ya ce, "Baba, ka yi haƙuri."

Daga nan Bappa ne ya riƙa zama da direbobi yana ce musu, "Ni ma na kashe, kuma ta tashi." Abin da ni da kwamfutata ba za mu iya sa su yi ba, maganarsa ta sa.

Ku da za ku gaji kujerar nan, na'ura za ta gaya muku inda mai ya tafi, kuma ba ta ƙarya. Amma dalilin tafiyarsa yana wurin mutumin da ke riƙe da sitiyari. Kafin ku rubuta sunan kowa a takardar sallama, ku shiga motarsa ku bi shi hanya.