Robar da Kawu Bai Ɗaura Ba

Har yau in na wuce wurin mai faci na ji warin roba, sai diddigena na hagu ya motsa. A shekarar da aka ba mu jiha, Dutse ta zama babban birni, na samu tabon da ke wurin. Ina ɗan shekara shida, an gama yankan gero ke nan.

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, yana da baƙin keke da ya fi so da komai. A jikin madigadin baya ya rubuta da ajami cewa Allah ne mai kiyayewa. Gaskiya ne, amma kakarmu tana da tata doka: ba a ɗaukar yaro a kariyar keke sai an shimfiɗa tsumma, an kuma ɗaure ƙafafunsa a jikin ƙarfe da robar tsohon tub, don kada su shiga taya. Roba uku ke rataye a zaure saboda wannan.

Ran nan za mu kasuwar Kiyawa. Kawu ya ɗaure rabin buhun gero da roba ɗaya, ya rataye zakaru biyu a kan keken da ta biyu. Ta ukun, wadda take tawa, ya ɗaure ƙwaryar man shanu da ita.

Kakarmu ta leƙo ta ce, "Ƙafar yaron fa?"

Ya ce, "Iya, keken nan bai taɓa cin kowa ba. Kai, buɗe ƙafa!"

Na buɗe. To, yaro zai yi tafiyar sa'a guda ƙafa a buɗe, rana na dukansa? Gyangyaɗi ya ɗauke ni a gangaren wani rafi. Diddigena ya shiga taya, sai ƙara, sai ga mu a yashi, zakaru na kuka, jini na zuba.

Ka san abin da Kawu ya fara dubawa? Taya. Ya tsuguna yana shafa wayoyin da suka lanƙwashe yana salati, sannan ya juyo ya ce, "Ban ce ka buɗe ƙafa ba?" Ƙwaryar mai kuwa ko gezau ba ta yi ba, ta ɗauru da kyau.

Wata biyu ban je makarantar allo da ƙafata ba. Abin da ya fi ciwon ƙona mini rai, duk sallah sai Kawu ya ba da labarin yadda na ɓata masa taya, ana dariya. Shekara talatin da 'yan kai ina haɗiyewa, don ba a musu da kawu.

Bara ya zo gidana a Limawa ganin likitan ido. Da safe babban ɗana ya ɗora ƙanwarsa a keke zai kai ta Islamiyya, jaka a gaba, ƙafafunta na lilo. Kafin in buɗe baki tsohon ya daka tsawa. Ya dogara sanda ya isa, ya yage bakin rawaninsa, ya durƙusa da ƙyar ya ɗaure mata ƙafa biyun. Bai ɗago ba ya ce mini, "Ran nan ba kai ka ɓata taya ba. Ni na ba man shanu robarka. Ka yafe mini."

Na ce, "Na yafe, Kawu, duniya da lahira."

Ya miƙe yana kaɗe gwiwa ya ce, "Amma fa tayar sabuwa ce."

Yaran yanzu a babur ake jibga su huɗu huɗu, ba mai neman roba. Ni dai na rataye uku a zaurena.