Kwikwiyon da ya bi akuya

Cikin shekarun da na yi ina malamin dabbobi a Bodinga, akwai ranar da har yau ban manta ba. Da damina ne wani manomin albasa ya kawo mana kwikwiyo cikin buhu, ya ce daga tsohuwar rijiya ya ciro shi. Na cire masa kaska, na yi masa rigakafin haukan kare, na ajiye shi bayan ofis inda muke ɗaure dabbobin da ke jinya.

Ya murmure, amma tsoro sai ka ce me! Ko takalmi ka ja, sai ya shige bayan randa yana makyarkyata. Bayan sati uku likitanmu ya ce nan asibiti ne ba gidan kare ba, in Juma'a ta yi bai samu mai ɗauka ba a kai shi daji a saki. Na san ko kwana biyu ba zai yi a daji ba, kuma wallahi abin ya tsaya mini a rai.

Na kira mafarauta biyu. Su gwajinsu shi ne su ɗaga kwikwiyo ta fatar wuya, in ya yi shiru to zai yi zuciya. Namu fitsari ya saki. Suka tafi suna dariya.

Ranar Alhamis wani dattijo makiyayi, Baffa Jaɓɓi, ya zo daga Horo Birni da akuya mai ciwon kofato. Ina wanke ƙafar sai kwikwiyon ya lallaɓo ya kwanta jikinta. Na ɗaga hannu zan kore shi, Baffa ya riƙe ni.

"Malam, bar shi. Wanga na wa ne?"

Na faɗa masa gaskiya, ba na kowa ba ne, matsoraci ne, kowa ya ƙi shi.

"Ni ba mai cizon mutane nika nema ba," in ji shi. "Wanda bai barin bisashe, awaki da tumaki, nika so. In ya tashi cikinsu, su ne danginshi."

Ko taɓa shi bai yi ba. Ya ja akuyarsa a hankali, kwikwiyon ya bi bayanta har bakin titi, haka suka wuce gida da shi.

Na ji daɗi, na kuma ji kunya. Kullum cikin awakin jinya yake kwanciya a kan idona, ni kuwa aibinsa kawai nake gani. Tun daga ranar, in an kawo dabba sai na tsaya na kalle ta kafin in taɓa, in kuma makiyayi na magana nakan rufe littafina in saurara.