Tambara, Wadda Ta Hana Lakwal Kara

Haihuwarta

An haifi marigayiya Tambara a wajajen shekarar 1952 a Tungar Dodo, ƙauyen da ke tafiyar hantsi daga Filinge cikin ƙasar Kurfai, ɗiya ga Ɗangoma manomi da maiɗakinsa Ramatu. Mai bayar da wannan tarihi shi ne mijinta, Manzo Ɗandije, wanda bai taɓa zama bencin lakwal, wato makarantar boko, ba, amma ya ga farin 1973, ya tsallake yunwar 1984, ya bizne tsaransa kaf, kuma har yau da haƙoransa yake cin goro. Ɗiyarsu Nasiba ce ta riƙe alƙalami, amma magana tasa ce.

Karatunta

A shekarar 1959, lokacin da hukuma ta aiko ɗibar yara zuwa lakwal, mahaifinta ya ɓoye ta cikin rumbun hatsi har kwana ukku, bisa al'adar mutanen wancan zamani da ke ganin karatun nasara hanyar ɓata ce. Ƙawarta Hawa, wadda anka kama a bakin rijiya, ta zama ungozoma a Yamai. Har ƙarshen rayuwarta marigayiya takan ce rumbun nan ne kaɗai ajin da ta shiga, kuma ba ta yafe masa ba.

Aurenta

An ɗaura aurenta da Manzo a shekarar 1970, a lokacin babu saurayin da ke kai shi noma daga Filinge har Bonkuku. Wanda ke musu ya tono tsofaffi ya tambaye su. Allah ya albarkace su da ɗiya takwas, ukku sun riga ta.

Lakwal ta kara

An buɗa lakwal a Tungar Dodo a 1998, amma babu gini. Kowace shekara sai an gama girbi, kowane gida ya kawo dami biyu na karan hatsi, mata su ɗauko a ka, maza su kafa rumfa. Saboda haka yaran birni na shiga aji a watan Oktoba, namu sai Disamba, kuma iskar farkon damina ce ke rufe lakwal, ba direktar ba. A zaɓen ƙananan hukumomi na 2004 an bi ɗabi'ar gari: maza sunka taru ƙofar mai gari, anka yanke jam'iyya guda, mata sunka bi mazansu. An sha shayi, an raba gishiri, kara kuwa ya ci gaba da zama kara. A watan Maris na 2010 wuta ta kama rumfar ana tsakiyar karatu; ba a rasa rai ba, amma jikarta Balkisa ta fita da ƙuna a hannun dama, tabon na nan har yau.

Zaɓen 2011

Da kakar shekarar gobarar, wato 2010, marigayiya ta bi wuraren sussuka ɗaya bayan ɗaya tana gaya wa mata cewa muddin suna ɗaukar kara, meri, wato ƙaramar hukuma, ba za ta taɓa jin kunya ba. Mata sunka ƙi ɗauka. Yara sunka koma ƙarƙashin gawo, allo jingine da gindinsa, gari kuwa ya ɗora mata laifi, har wasu sunka daina amsa gaisuwarta.

Zaɓe ya faɗo a watan Janairu, lokacin da yawancin maza ke wajen cin rani, abin da manyan gari ba su lissafa ba. Mai gari ya yanke jam'iyyar ɗan ƙanensa. Ita kuwa ta tsaya bayan jerin 'yan takarar da Abdulgafar ke ciki, tsohon malamin lakwal mai ritaya, wanda bai da ko buhun gishiri, sai alkawarin aji guda na siminti. Mai gari ya kira Manzo gaban jama'a ya tambaye shi ko ya kasa da gidansa. Manzo, wanda bai taɓa jin tsoron namiji ba, ya koma gida ya bukaci ta ba shi katinta na zaɓe ya aje. Amsar da ta bayar, dole ta shiga tarihi: «Maigida, an sa ni rumbu sau ɗaya. Bayan labulen zaɓe babu miji, babu mai gari, sai ni da Allah.»

Ran zaɓe ta jagoranci mata tun da sanyin safiya, kowacce da katinta ƙulle a bakin zane. Da anka ƙirga, jerin Abdulgafar ya samu 131, na mai gari 96, kuma ƙuri'un Tungar Dodo ne sunka cika masa kujerar konseye, wato kansila. A nan tarihi na bukatar gaskiya: cikin casa'in da shidan nan akwai ta Manzo. Shekara goma sha huɗu bai faɗa ba. Yau ya faɗa da bakinsa, don ba kowane namiji ke iya haka ba.

Yara sun yi shekara ukku ƙarƙashin gawo, ana yi mata habaici a rijiya da kasuwa, ba ta sassauta ba. A watan Oktoba na 2013 anka buɗa ajin siminti mai rufin kwano, kuma karon farko yaran Tungar Dodo sunka shiga aji rana ɗaya da na Yamai.

Ƙarshen rayuwarta

A zaɓen Disamba na 2020 ta tafi rumfar zaɓe bisa amalanke saboda ciwon ƙafa, Manzo na jan jakin, kuma wannan karon ƙuri'arsu ta kwana wuri guda. An samu aji na biyu. Saura biyu har yanzu kara ne. Da anka rushe majalisun ƙananan hukumomi a 2024, wasu sunka ce mata kati ya zama takardar ƙunshin ƙosai. Sai ta kai shi wurin baduku ya ɗinka masa gidan fata kamar laya, ta rataya a wuya.

Rasuwarta

Allah ya yi mata cikawa ranar Talata da hantsi, cikin watan Fabrairu na 2025, bayan gajeriyar jinya. An yi jana'izarta bayan azahar, anka bizne ta a maƙabartar gabas, inda ake hangen kwanon lakwal. Mai gari ya halarta. Kwana arba'in ba su cika ba ya aiko a tara kara don gyaran azuzuwan nan biyu, kuma daga gidan Manzo ko zare ɗaya bai fita ba.

Ta bar ɗiya biyar: Yazid, Nafi'u, Mariama, Samiratu, da Nasiba, malamar lakwal a Bonkuku, da jikoki ashirin da ukku, cikinsu har da Balkisa, wadda ke rubutu da hannun nan mai tabo. Ta kuma bar mijinta, wanda fari bai kashe ba, yunwa ba ta kashe ba. Layar na wuyansa tare da nasa katin, kuma ya roƙi Allah kada a kira shi sai an sake kafa labule ya shiga. Allah ya jiƙanta. Masu jiran kara su yi ta jira.