Ƙyaure Ba Ɗaki

A bakin tashar Batsari wani dattijo na tsaye, ya jingina ƙyauren langa-langa da gwiwarsa. Da gani daga gida ya ɓalle shi, don har yanzu akwai busasshiyar ƙasa a jikin ƙusoshin. Kaushin ƙafarsa na manomi ne. Na ji yana gaya wa dillalin gidaje cewa daga wajen Wagini suka taso da iyalinsa, ɓarayin daji sun hana su zama.

"Aron ɗaki nake nema, ɗana, ko zuwa kaka."

Dillalin, makullai cike da hannu, ya yi dariya. "Baba, nan ba a aro. Haya ake, ita ma ta ninka tun da kuka fara shigowa."

Wannan "kuka fara shigowa" ita ta tsaya mini a wuya. Wato su suka jawo tsadar, ba masu gidajen da ke sauraron labarin kowane hari kamar labarin kasuwa ba. Ina jin a ƙauyensu tsohon nan ya sha ba baƙo ɗaki, bai karɓi komai ba sai godiya. Shi ya sa ya taho da ƙyaurensa, ya ɗauka bango ba zai gagara ba cikin 'yan'uwa.

Tsohon yana shafa sakatar ƙyauren da babban yatsa. Dillalin ya ƙwanƙwasa langa-langar, ya saurari ƙararta.

"To Baba, tun da ba inda za ka kafa shi, nawa za ka bar mini?"