Yadda Na Mayar wa Talabijin Ciwonsa

Karatuna na boko ya tsaya a aji uku, kuma ko a can malamai ba su yi kukan rabuwa da ni ba. Facin taya na fara yi a bakin tashar Jega, daga nan na koma rediyo, daga rediyo na faɗa cikin talabijin. Babu wanda ya koya mini. Wutar da ke ɓoye a bayan gilashin nan ita ce malamata, ta ja ni ta yar ya fi a ƙirga, har na gane inda ba a sa yatsa.

Yanzu da kowa ya koma wa masu faɗi kamar faranti da ake mannawa a bango, ni tsofaffin nake bi, masu ƙaton ƙeya da jikin katako. Wani malamin makaranta Kirista da zai koma garinsu daga Maiyama ya bar mini nasa, har da ƙyallen da matarsa ta saƙa na rufe shi. Wani kuma a Dangamaji na same shi, kaza ta yi ƙwai a ciki, sai da na jira ta ƙyanƙyashe kafin mai gidan ya yarda na ɗauka. Ɗaki guda na cika da su. Matata tana kiransa maƙabarta. Ni kuwa in an kawo wuta na kunna huɗu ko biyar a tare, na zauna a tsakiya suna ta surutu, sai in ji kamar hakimi a fada.

Amma wanda raina ya fi so ba ya ɗakin. Yana Aliero, gidan taubashina, ɗan ƙanwar mahaifina. Tun muna yara ba mu taɓa gaisawa da mutunci ba. Ni in ce masa bawana, shi ya ce ni ne bawan, kuma har furfura ta cika mana kai ba a raba gardamar ba. Ya yi fataucin albasa shekara da shekaru, ya je Makka, yanzu 'ya'yansa sun karɓi harkar sun ce ya huta.

Akwatin nasa mai ƙafa huɗu ne, da ƙofofi biyu da ake zugewa kamar na kabad. Ya saye shi wata shekara da albasa ta yi albarka. 'Ya'yan sun haɗa masa da dikoda, har yau yana nuna hoto baƙi da fari. Sai dai yana da hali. Ana cikin kallo sai hoton ya tsuke ya zama zare ɗaya a tsakiyar gilashi. Nan take matan gida za su ɗaga murya: "Alhaji, ya ɗauke!" Alhaji zai taso daga zaure a hankali, ya naɗe hannun riga, ya kore kowa gefe, ya auna yatsu uku daga saman gefen hagu, ya kai mari ɗaya. Hoto ya dawo. Ya juya ya fita bai kalli kowa ba. Duk gidan an yarda cewa hannunsa kaɗai akwatin ke ji.

Na roƙe shi ya sayar mini, ya ce bawa ba ya sayen kayan ubangidansa. Na ce to bari in gyara masa, ya ce lafiyarsa ƙalau.

Wata rana na je suna a gidan. Bayan an watse, Alhaji ya fita raka baƙi tasha, ni na ce gwiwata na ciwo. Sukundireba ba ta rabuwa da aljihuna, ƙarfen narka dalma kuma yana jakata, ga wuta an kawo. Na buɗe murfin baya, na share yanar gizo-gizo da ƙwan tsaka, na duba. Dalma ce ta tsage a gindin wata 'yar ƙafar waya a cikin injin, shi ke nan ciwon shekara talatin. Ɗigo ɗaya na sa. Kafin a dama mini fura na rufe na zauna ina matsa gwiwa. Na koma Jega ina murmushi ni kaɗai a mota, ina jiran ranar da bawana zai kira ya amsa cewa na fi shi.

Mako biyu shiru. Sai muka haɗu wajen ɗaurin aure a Jiga Birni. Na hango shi na ɗaga murya: "Wa ya kwance wa bawana igiya ya fito?" Ya juyo ya miƙo mini hannu biyu, ya ce, "Malam, ina kwana? Ina iyali? Madalla." Ya wuce.

Wanda bai da taubashi ba zai gane ba. Mutumin da ya shekara sittin yana ce mini mai kan tulu, yau ya kira ni Malam a gaban jama'a. Da ya zage ni da na ci tuwon bikin da daɗi.

Ranar kasuwar Jega sai ga Hajiya, matarsa, ta biyo gidana. Ko ruwa ba ta sha ba ta fara.

"Kai wa ac ce ka gyara muna akwati?"

Na ce, "Hajiya, ni fa alheri na yi."

"Alherin mi? Tun randa kat taɓa shi bai sake ɗaukewa ba. Mutum na zaune zaure tun safe har la'asar, ba mai kiran shi. Ɗiya sun amshe albasa, kai kuma ka amshe mari. Mi ar rage mai?"

Na ce ai ban san zai gane ni ne ba. Ta ce ya ga sawun yatsuna a ƙurar murfin, kuma duk ƙasar nan ba mai yatsu gajeru irin nawa. Sannan ta rage murya, ta ce ita ma ta san wurin marin. Shekarar da ya tafi aikin hajji ita ke yi, mari ɗaya, hoto ya dawo. Da ya dawo gida ta ce masa wata guda ba su yi kallo ba.

"Ka tai ka maida ciwon inda kas same shi," in ji ta.

Muka shirya. Ta tura shi Maiyama gaida wani surukinsu da ba ya jin daɗi, ni kuma na sauka Aliero da hantsi. To a ranar na san ɓata abu da gangan ya fi gyara wuya. In na kankare dalmar da yawa, akwati ya mutu murus, ko ka mare shi da taɓarya. In na rage kaɗan, ya yi ta aiki lafiya lau kamar yana mini dariya. Ina gumi, Hajiya na tsaye ta naɗe hannun riga. Duk na ce "gwada", ta kai mari. Wallahi hannunta ya fi na mijin.

Wajen azahar muka samu. Hoto na tsukewa, mari na dawo da shi. Sai dai ciwon ya yi ƙaura. Gefen hagu ya daina ji sam, sai an buga a sama, can kusurwar dama. Na yi na yi ya koma mazauninsa, ya ƙi. Muna cikin haka muka ji sallamarsa a ƙofar gida. Na ɗaure murfi a gurguje, na share sawun yatsu da bakin riga, na zauna kan tabarma kamar yanzu na iso.

Ya shigo ya gan ni. "Malam, sannu da zuwa." Ya koma zaure.

Bayan la'asar matan gida suka taru, aka kunna. Ba a jima ba hoto ya zama zare. Hajiya ta buɗe murya har maƙwabta sun ji: "Alhaji, ya ɗauke!"

Ban taɓa ganin tsoho ya taso da sauri haka ba. Sai da ya zo bakin ƙofa ya tuna da girmansa, ya rage tafiya, ya naɗe hannun riga. Ya auna yatsu uku. Ya kai mari. Zare na nan. Ya sake. Zare na nan. Na ga kunnuwansa sun fara rawa, Hajiya kuma ta zuba mini ido irin na za-ka-gani.

Ban san inda dabarar ta fito ba. Na tashi na cire hulata, sabuwa fil, wadda na ɗinka don sallah, na ɗora ta daidai kusurwar dama, na jingina da akwatin na ce, "Alhaji, hannun nan ya tsufa. Ka bar wa masu ilimi."

Ya kalle ni, ya kalli hular. "Wa ya aje wannan ƙazamar hula bisa akwatina?" Ya ɗaga hannu ya kirɓa mata duka da dukkan ƙarfinsa.

Hoto ya buɗe tar, ga wani mutum yana karanta labarai. Mata suka sa guɗa. Alhaji ya tsaya yana huci, ya dubi tafin hannunsa, ya dubi wurin da ya buga. Sannan ya ɗauki hular da ta koma kamar waina, ya jefo mini a ƙirji.

"Kai bawa, mai kan tulu! Ashe ko gyaran ma ba ka iya ba? Wata guda bai kai ba ya lalace."

Na ce, "Aji uku gare ni, mi kaka so in yi?"

Dariya ta kama ni har na zauna ƙasa. Shi ma ya juya baya, kafaɗunsa na girgiza.

Da zan tafi ya rako ni har bakin titi, ya sa aka ɗora mini rabin buhun albasa a mota. Direba ya tada inji, sai Alhaji ya leƙo ta taga ya ce, "Gobe in za ka yi ɓarna, ka riƙa goge dalmar da ta ɗiga a tabarma." Kafin in buɗe baki mota ta ja.

Har yau akwatin yana Aliero, ana marinsa a kusurwar dama. Na bar masa wuri a ɗakina, tsakanin na malamin Maiyama da na kaza, amma ba na gaggawa. Hular kuwa na kai wa mai wanki ya sa ta a gungume ya buga, ta ƙi miƙewa. Haka nake sa ta in zan je Aliero, don ya samu abin faɗi tun daga zaure.