Batirin Kawu Haladu Ya Kwana Uku a Firizata

Duk wanda ya zauna a unguwar Hindawiyya ya san abin da Kawu Haladu ke yi da an idar da sallar Magariba. Ba gida yake shiga ba. Sai ya nufi tsohuwar motar nan tasa mai ruwan ƙasa da muke kira Dattijuwa, ya ɗaga bonet, ya warware bargo, ya lulluɓe batirin kamar jariri ɗan kwana bakwai, har yana cusa gefe-gefen don kada iska ta shiga. A Makka fa! Garin da in ka manta takalmin roba a bakin ƙofa da rana sai ka tarar ya lanƙwashe.

In ka yi dariya sai ya dube ka ta saman tabarau ya ce, "Zafi maƙwabci ne, mun san halinsa. Sanyi kuwa ba ya sallama."

Kawu ƙanin mahaifiyata ne, don haka na san asalin abin. Yana yaro, a hanyarsu ta zuwa nan, babbar motar da ta ɗauko su ta ƙi tashi wata asuba mai sanyi tsakanin Chadi da Sudan, suka kwana biyu suna turi. Shekara sittin ke nan, amma shi a ganinsa wannan sanyin yana nan yana cigiyarsa, adireshi ne kawai bai samu ba. Da kuma matarsa Inna Kulu ta fara zuwa wankin ƙoda, sau uku a mako da sassafe, sai abin ya tashi daga ɗabi'a ya koma farilla. In ta tsallake rana ɗaya ƙafafunta kumbura suke yi, numfashi ya gagare ta. Dattijuwa ce ke kai ta. Don haka Kawu ya yi rantsuwa cewa motar nan ba za ta taɓa ƙin tashi da safe ba muddin yana numfashi.

Bargon ma na Inna Kulu ne. Mai ratsin ja, tun na aurensu. Ta nema ta rasa, sai ta gano shi a cikin bonet.

"Malam, ni fa?"

"Ke kina da baki, in kin ji sanyi za ki faɗa. Shi wa zai gaya wa?"

Akwai ranar da ya manta bai cire shi ba ya tada mota, ya kai har titin Mansur hayaƙi na tashi, masu sayar da tsire suna ɗaga masa hannu, shi kuma yana amsa gaisuwa. Ƙunar tana nan a bargon har yau, faɗin tafin hannu. Da aka yi masa jaje cewa ya yi, "Kun gani ko? Bargon kirki ke nan. Shi ya ƙone, bai bar batirin ya ƙone ba."

To, sai batirin ya mutu. Kwana kaɗan bayan Babbar Sallah, a tsakiyar zafin da ko kuliyoyi ba sa fita. Ɗansa Faisal, wanda Hausarsa rabi Larabci ce, ya ce, "Ya Baba, wallah zafi ne ya kashe shi. Kai kuma ka ƙara masa bargo, ka dafa shi halas."

Kawu ya ce ƙarya ne. Jiya ya yi fakin a ƙofar wani kantin magani da ake barin ƙofa a buɗe, sanyin mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ya yi ta bugun motar minti ashirin. "Mura ce ta kama shi."

Washegari ya zo gidana ya ce in sa abayata. "Rabi 'yar boko, ke kika yi sakandare, ke za ki karanta min abin da Turawa suka rubuta a jikinsa. Faisal ba na yarda da shi, yana ɓangaren zafi."

Muka shiga tasi zuwa wani shagon batir. Mai shagon ɗan Yaman ne, mutum mai haƙuri, Allah Ya saka masa. Ya fara bayani tsakani da Allah: a duba girman mazaunin batirin, a duba ɓangaren da kawunan suke, a duba watan da aka ƙera shi don kada a sayi wanda ya daɗe a ajiye, sannan a nemi mai jure zafi. Kawu yana ta gyaɗa kai kamar mai sauraron wa'azi. Da ya gama sai ya nuna wani ya ce, "Wannan ya taɓa ganin ƙanƙara?"

"Na'am?"

"Ina aka haife shi? Su wane ne danginsa?"

Wallahi ko binciken asalin ango ba a yi min irin wannan ba. Na duƙa na karanta, na ce Kawu akwai wata lamba a nan, wai ita ce ƙarfin da yake tada mota da shi in ana tsananin sanyi. Da na san abin da zai biyo baya da na haɗiye maganata. Idonsa ya kawo haske.

"Allahu Akbar! Ashe Turawa ma sun sani! Kawo wanda lambarsa ta fi ta kowa."

Wanda ya fi na kowa na babbar motar ɗaukar kaya ne, mutum biyu ke ɗaga shi. Mai shago ya ce ba zai shiga bonet ba. Kawu ya ce a sa shi a kujerar gaba a ja waya.

Na ce, "Inna Kulu fa, ina za ta zauna?"

Ya shafa gemu. Da ƙyar ya haƙura ya sauko kan wanda zai shiga, amma mai lamba mafi girma a cikin sa'o'insa. Mai shago ya riƙe kai yana cewa, "Ya Ammi, nan Makka ce! Makka!"

"Na sani, ɗana. Kafin a haifi babanka nake cikinta. Amma lambar nan da suka rubuta, kai ka gwada da idonka?"

"A'a."

"To ni zan gwada."

Ban fahimci nufinsa ba sai da mai tasi ya tsaya a ƙofar gidana maimakon nasa. Firizar Inna Kulu ƙarama ce, kuma ta riga ta ce bargo ta bayar, ba za ta ƙara da firiza ba. Tawa kuwa babba ce, irin mai murfi a sama, cike taf da naman layya: ragon maigidana da cinyoyin da surukaina suka aiko.

"Kawu, nama ne a ciki!"

"Shi ya sa za a fitar. Batir da nama ba sa kwana ɗaki ɗaya, guba ce. Ke da kika yi boko ba ki sani ba?"

Ya za ka yi da ƙanin uwa? Na kira maigidana a waya ina shirin kuka, ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Kwana nawa?" Na ce uku. Ya ce, "To ki hura wuta."

Jama'a, kwana uku ina suya. Na yi dambu, na yi farfesu, na aika wa maƙwabta na dama da na hagu, na aika masallaci, har wata tsohuwa ta zo tana tambaya ko haihuwa aka yi ba a gaya mata ba. A kwanakin nan tasi Kawu ya ɗaukar wa Inna Kulu, shi da bai taɓa biyan tasi ba tare da ya yi wa direba huɗuba ba. Kullum bayan La'asar sai ya zo, ya yi sallama, ya wuce kicin, ya ɗaga murfin firiza ya leƙa.

"Yaya jikin nasa, Kawu?"

"Yana daurewa. Namiji ne."

Rana ta uku ya fito da shi fari fat da raɓar ƙanƙara, ya rungume shi a tawul, ya ɗaura a Dattijuwa, ya yi bisimilla ya murɗa makulli. Ta tashi. Kawu ya fito ya tsaya a tsakiyar layi, gumi na zuba daga gemunsa, ya ce, "Yanzu ya zo. Ina jiransa."

Sanyin yake nufi.

Shekara ta biyu da yin haka, lokacin hutun hunturu, Faisal ya kama mana gidan hutu a Shafa, can saman duwatsun Ɗa'if, don Inna Kulu ta sha iska. Kwana biyu kawai, ranar Asabar da asuba zai sauko da ita asibiti a sabuwar jif ɗinsa. Duk muka shiga jif ɗin. Kawu ya ce shi da Dattijuwa zai hau. Muka yi ta roƙo, ya ƙi. Ta hau dutsen nan tana nishi kamar mai naƙuda, motoci sun yi layi a bayansa suna hon, ya iso awa biyu bayanmu. Faisal ya tarbe shi da dariya: "Mabruk ya Baba, hajjinta ya karɓu!"

Sanyin Shafa ba wasa ba ne. Da yammar Juma'a hazo ya sauko, Inna Kulu ta fara karkarwa duk da barguna biyun gidan. Ina tsaye a taga na ga Kawu bayan Magariba, bonet a buɗe, bargo mai ratsin ja a hannunsa. Ya dubi batir, ya dubi ƙofar ɗakin. Ya daɗe a tsaye. Ga sanyin da ya yi shekara sittin yana jira ya iso, yau ce ranar bargo. Sai na ji ya ce, "Ka yi haƙuri. Ta riga ka zuwa gidan." Ya rufe bonet, ya shiga ya lulluɓa mata.

Da muka idar da Asuba Faisal ya shiga jif, ya danna. Ƙyat-ƙyat-ƙyat. Ya sake. Ƙyat. Shiru. Zafin Makka ya riga ya cinye batirin nasa bai sani ba, sanyi ya zo ya ƙarasa. Gidan a ƙarshen hanya yake, babu kowa kusa, ya kira masu gyara ba wanda ya ɗauka. Inna Kulu na zaune da jakarta a cinya, ƙafafu sun fara cika takalmi. Faisal ya yi zuru-zuru, Hausar ma ta gudu, sai Larabci yake zubawa.

Muka juya muka dubi Dattijuwa, raɓa ta jiƙa ta, batirinta ya kwana tsirara. Kawu ya shiga ya zauna, ya sa makulli. Ya yi bisimilla.

Bugu ɗaya ta tashi.

Na zaci zai yi guɗa. Ko kallon Faisal bai yi ba. Cewa ya yi, "Kulu, taso." Faisal ya shiga baya riƙe da jakar uwarsa, suka gangara. Sun isa saura kaɗan lokacinta ya wuce. Sai da aka jona mata na'ura, in ji Faisal, sannan Kawu ya gyara zama a benci, ya cire tabarau ya goge, ya ce, "Yawwa. Maimaita min abin da ka ce ya kashe wancan batirin."

Bai daina lulluɓe batir ba har ƙarshen ransa. Na taɓa tsokanarsa na ce ai Kawu ba bargo ya tashi, ashe bargon ba shi da amfani. Ya ce, "Tarbiyya ce. Wanda ya yi karatu kwana uku a firizarki, Shafa me ce?"

Bara ya rasu, cikin zafi, bayan 'yar gajeriyar jinya. Faisal ne ke kai Inna Kulu asibiti yanzu, kuma bargon na tafiya da ita, don ɗakin wankin ƙodar sanyi gare shi. Kwanaki na je gaishe ta bayan Magariba, na tarar da Faisal a gaban Dattijuwa, bonet a buɗe, yana cusa gefen wani abu mai ratsin ja. Da ya gan ni ya yi saurin miƙewa.

"Mai nake dubawa, ya Rabi."

Na ce Allah Ya ba da sa'a, na wuce ciki kafin ya ga idona.

Allah Ya jiƙan Kawu Haladu, Ya gafarta masa. Yadda bai bar baiwar nan taKa ta makara ko rana ɗaya ba, ya Allah kada Ka bar shi yana jira a ƙofar rahamarKa. Ka lulluɓe shi kamar yadda ya lulluɓe nasa. Amin.